A Bar Mu Mu Fita Zango

Duk shekara idan hutun Kirsimeti ya gabato, maganar ɗaya ce. 'Yan ajin ƙarshe su roƙi a bar su su fita zangon kwana uku zuwa Tiga, iyaye su ce a'a, malamai kuwa su yi shiru. A ganinmu lokaci ya yi da za a sake duba wannan magana.

Abin kunya ne a ce ɗan Kibiya ya iya zana Kogin Nilu a allo, amma bai taɓa ganin inda aka tare Kogin Kano ba. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ga ta nan kusa da mu. Ruwanta ne ke bin babbar hanyar ruwa ta Ruwan Kanya har gonakin Bunkure da Kura, inda ake noman shinkafa da tumatirin da muke ci. Rano kanta tana cikin Hausa Bakwai, ga duwatsunta, ga na Rurum. Muna haddace waɗannan don jarrabawa, ƙafarmu ba ta taka wurin ba.

Fita zango kuwa ba baƙon abu ba ne a cikin ikilisiya. William Alexander Smith ya kafa Boys' Brigade a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotilan a 1883. A 1886 ya kai yaransa zangonsu na fari a Tighnabruaich, wani ƙauye a bakin teku daura da tsibirin Bute. A can har yau akwai tsibirai da yawa da sai an shiga jirgin fito ake kaiwa, kuma matafiya kan goya tantinsu su bi su ɗaya bayan ɗaya. Yaron da ya kafa tanti, ya ɗebo itace, ya dafa wa mutum goma tuwo bai ƙone ba, ya koyi abin da babu shi a littafi.

To, ya ku iyayenmu, ba mu ce tsoronku na banza ba ne. Ba mu manta da Bagwai ba, inda a ƙarshen Nuwamba 2021 jirgin fito ya kife da fasinjoji, fiye da mutum 20 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. An ce lodi ne ya yi masa yawa. Amma maganin wannan shi ne tsari. Kada a shiga kwalekwale sai da rigar kariya, kada a wuce adadin da mai fito ya faɗa, kada a hau ruwa bayan la'asar. Wanka a bakin ruwa ma a hana, saboda tsargiya. Dajin Falgore kuwa a bar shi tukuna. A kwana a harabar makaranta ko ta coci, da sanin mai gari da 'yan sanda.

Kuɗi ba zai gagara ba. Kowa ya zo da mudun gero ko masara da tabarmarsa, makaranta ta ɗauki nauyin mota. 'Yan mata ma a tafi da su, tare da malamai mata da iyayenmu na Zumuntar Mata.

Muna roƙon Shugaban Makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai su sa wannan magana a taronsu na gaba, su kuma kira biyu daga cikinmu su ji ta bakinmu.