Matafiyi Ya Riƙe Alƙalaminsa

Wannan jan hankali ne a kan wata dukiya da take salwanta kullum ba a kula ba, watau labarin tafiya. Mutum ya kan keta ƙasashe, ya ga abin da bai taɓa gani ba, ya komo gida yana tsammani ba zai manta ba har abada. Alhali kuwa zuciya kamar randa ce mai tsaga, tana yoyo a hankali. Bayan shekara goma sunan zango ya ɓace, bayan ashirin sai ya rasa ko da rani ya tafi ko da damina.

A dubi matafiya biyu na Magrib da Andalus. Ibn Jubairu ya tashi daga Garnaɗa a shekarar 1183 don sauke farali, ya komo a 1185. Shi a kan hanya ya riƙa rubutu, duk watan da ya tsaya ya ambace shi, da garin da ya riske shi. Saboda haka har yau mai karanta littafinsa ya san ranar da ya shiga jirgin ruwa da ranar da ya sauka.

Ibn Baɗuɗa kuwa ya bar Ɗanja a 1325, bai ajiye sandar tafiya ba sai a 1354. Sa'an nan ne Sarkin Fas Abu Inan ya sa magatakarda Ibn Juzayyi ya zauna gabansa yana rubuta abin da ya faɗa. Da kansa ya ba da labari cewa ya kwafi sunayen malamai da yawa daga kaburburan Bukhara, amma 'yan fashin teku suka kwashe takardun tare da kayansa a gaɓar Hindu. Don haka masana suka tarar da kwanakinsa sun harɗe a wurare, har an ɗebo bayanin Makka da Dimashƙa daga littafin Ibn Jubairu aka cike gurbi. Duk da haka, da bai zauna an rubuta ba, da ba a san ya sauka Takedda a 1353 ba, balle a ji ya ambaci Gobir cikin ƙasashen da ake kai tagullarta.

A ƙasar Hausa ma an yi. Malam Abubakar Imam ya je Ingila a 1943, ya komo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, aka buga a 1944. Ya rasu tun 1981, amma tafiyarsa tana nan. To, ina labarin dubban alhazan da suka bi ƙasa ta Fort Lamy da Fashir da Ubayyid har Sawakin, suna noma a hanya don neman guzuri? Ina na madugan da suka kai ayari Gwanja suka ɗauko goro? Akasarinsu sun tafi da shi kabari, jikokinsu sun gaji suna, ba su gaji labari ba.

Maganin abin ba shi da wuya, ajami ya wadatar. Matafiyi ya riƙa rubuta layi biyar kowane dare kafin ya kwanta: rana da wata, sunan gari, wanda ya sauke shi, kuɗin da ya saya ya sayar, da abin da ya ba shi mamaki. In ya komo ya sa almajiri ya kwafa, kada ya bar kofe ɗaya tak, don abin da ya sami Ibn Baɗuɗa ya isa ishara. Wanda kuma yake da tsoho a gida da ya yi doguwar tafiya, ya ɗauki tawada ya zauna gabansa tun yana iya magana, kada ya jira baɗi. Allah ya sa a gane. Wassalam.