Ashana ba ta gina asibiti

Da zarar an ji ɗuriyar ƴan mishan a wani ƙauyen Magarya ko Dungas, sai masu wa'azin birni su ɗaga murya, wai ana sayen imanin talakawa da hatsi da magani. Tambayar da suke gudu ita ce: ina suke sa'ad da rijiyar ƙauyen ta ƙafe?

Ƙungiyar mishan ta SIM ta sauka Damagaram tun 1924, ta buɗe asibitin Galmi a 1950, ta kafa gidan jinyar kutare a Danja, kusa da Maraɗi. Bayan shekara ɗari, Kiristocin Nijar ba su wuce ƴan tsiraru ba, alhali dubban Musulmi sun warke a gadajen nan. A Janairun 2015 kuwa, saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa, aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, rayuka suka salwanta. Manomin Kwaya bai tsinci ko ƙwayar magani ɗaya cikin tokar ba.

Ɗan mishan da ya gindaya wa taimako sharaɗin shiga majami'a ya ci amanar mayunwaci, kuma ya cancanci tsawatarwa. Amma attajirin da ke gina masallaci na biyar a unguwa guda, alhali ana kai mai naƙuda Magarya bisa amalanke, ba shi da bakin magana. Mai kishin addinin ƙauye da gaske, sai ya kai sadakarsa can: rijiya, ɗakin haihuwa da aji mai rufi.