Kafin Ka Yanki Tikitin Umara, Waiwayi Yaran Gida

 

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, uba ne kai ko uwa, ina so mu ɗan tattauna a kan wata al'ada da ta zauna a gidajen masu hali a cikinmu. Da zarar azumi ya kai goma na tsakiya sai ka ga an fara haɗa jaka, maigida da uwargida za su Umara. Za su yi goman ƙarshe a Makka, su yi Idi a can, su dawo bayan Salla da kwana biyar ko mako guda. Bana haka, baɗi haka. Yara kuwa, daga mai shekara uku zuwa mai goma, an bar su hannun 'yar aiki, ko kaka wadda ita kanta neman mai kula da ita take yi. Ra'ayina shi ne wannan abu yana bukatar gyara, kuma ga dalilaina.

Kada ka ce ina hana alheri. Falalar Umara a watan Ramadan ta tabbata a Buhari da Muslim, inda aka daidaita ladanta da na Hajji. Wanda Allah ya hore masa ya je, muna yi masa murna, muna kuma roƙon ya sa mu a addu'a. Amma ai mun karanta a littattafanmu na Malikiyya cewa Umara sunna ce mai ƙarfi sau ɗaya a rayuwa, abin da ya biyo baya nafila ne. Shi kansa Manzon Allah (SAW) Umara huɗu ya yi, uku a watan Zulƙida, ɗaya tare da Hajjinsa na shekara ta 10 bayan Hijira. Ciyar da ɗa da tufatar da shi da tarbiyyarsa kuwa wajibi ne a wuyan uba, kuma za a tambaye shi a kai ranar gobe. To yaya za a yi nafila ta riƙa ture wajibi kowace shekara?

Wani zai ce, "Malam, ai na bar musu komai. Ga shinkafa, ga kaji, ga ɗinki kala uku-uku." Gaskiya ne, kuma Allah ya saka. Sai dai ka tuna yadda Salla take a idon yaro ƙarami. Tun daren jajibere ba ya barci. 'Yan mata an yi musu kitso, an ƙunsa lalle, sai tambaya suke ko ya kama. Namiji ya ajiye sabon takalminsa a gefen matashi. Da asuba a yi wanka, a shafa turare, uba ya riƙe hannun ɗansa su nufi filin Idi suna kabbara, su dawo ta wata hanyar daban kamar yadda sunna ta koyar. A gida uwa na rabon tuwon Salla, tana cewa wannan kwano na gidan Baffa ne, wannan na maƙwabta. Da yamma a shiga yawon barka da Salla gidan kakanni da gwaggwanni, in a Kano ne ko Katsina ko Zazzau a je kallon hawa. Duk wannan makaranta ce. A nan yaro yake sanin danginsa, ya koyi durƙusawa gaida manya, ya ga yadda ake kyauta. Wa zai koya masa in kana can? Kiran waya mai hoto na minti biyar ba zai riƙe masa hannu zuwa Idi ba.

Haka batun zakkar fid-da-kai. Sa'i guda ne a kan kowane mutum, wato mudu huɗu da mudun Annabi, daga abincin da mutanen gari suka fi ci. Yaron da ya tsaya yana kallon babansa yana auna gero ko masara, yana cewa wannan naka ne, wannan na ƙanwarka, sannan aka ɗora masa ya kai gidan wata gwauruwa a unguwa, ya sami darasin da mu malamai ba za mu iya ba shi a kan allo ba. In kuwa kuɗi kawai aka bar wa direba ya fitar, an sauke farali, amma darasin ya wuce yaron.

Mu da muke aji mun san abin da muke gani in an dawo hutun Salla. Yaron da ya tafi da Izu biyu a ka sai ya dawo yana tuntuɓe a Sabbi, domin wata guda babu mai cewa zo ka biya. Wani ya dawo da kalmomin da ba a gidansu ya ji su ba. Wata kuma sai ka ga ta yi shiru, ƙawayenta na ba da labarin inda Abbansu ya kai su, ita ba ta da abin faɗa sai dai ta ce Mama ta kawo mini jallabiya da agogo. Tsaraba abu ne mai daɗi, dabino da zamzam da carbi duk muna so, amma yaro yakan manta da abin wasa cikin mako biyu, ranar da ya nemi uwarsa bai gan ta ba kuwa tana daɗewa a ransa.

Dubi yadda Manzon Allah (SAW) ya ɗauki wannan lamari. Malik ɗan Huwairis da wasu samari 'yan'uwansa sun zo Madina sun zauna wurinsa kwana ashirin suna koyon addini. Da ya lura sun yi kewar iyalinsu, sai ya umarce su da su koma gida su zauna cikinsu su koyar da su. Ka ji fa, zama ne tare da Annabi a Madina, amma aka ce su koma wurin iyali. Shi ne kuma wanda yakan taƙaita salla in ya ji kukan jariri don tausayin uwarsa, kuma ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama. Wanda ya ce yana son ziyartar wannan Annabi, ya kamata ya fara da koyi da tausayinsa ga ƙanana.

To sai wani ya ce, shi ke nan, sai in tafi da su. Wannan ya fi, kuma yana da asali. Wata mata ta ɗaga yaronta ta tambayi Annabi ko yana da Hajji, ya amsa mata da cewa yana da shi, ita ma tana da lada, ko da yake malamai sun ce in ya balaga farali na nan a kansa. Kakanninmu ma da iyalinsu suke tafiya, a ƙasa, ta Barno da Chadi da Sudan, su yi shekaru a hanya suna noma suna ƙwadago. Zuriyar waɗanda suka tsaya suna nan a Sudan har yau, irin mutanen garin Mai Wurno da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Yau daga Kano zuwa Jidda bai kai awa shida a jirgi ba. Amma a yi hankali da lokaci. Cunkoson daren ashirin da bakwai a Harami ba wurin ɗan shekara huɗu ba ne. Safa da Marwa kaɗai, zuwa da dawowa sau bakwai, ya ɗara kilomita uku, ga ɗawafi, ga azumi a bakin iyaye. Zafin ƙasar ma ba wasa ba ne, a Hajjin 2024 mutum fiye da 1,300 suka rasu, galibi saboda zafi. In za a je da yara, a zaɓi watan da babu turereniya kuma gari ya yi sanyi, a yi musu alluran rigakafin sanƙarau da shawara da wuri, a ɗaura wa kowanne sunansa da sunan masauki a hannu.

Shawarata gare ka a taƙaice ita ce, in ka taɓa yin Umarar azumi sau ɗaya ko biyu, kuma kana da 'ya'yan da ba su mallaki hankalinsu ba, ka yi musu Salla a gida. In ranka ya ƙwallafa, ka je goman farko ka dawo kafin jajibere. In ba haka ba, ku yi karɓa-karɓa da uwar yara, kada gida ya rasa ku duka biyu a lokaci guda. I'itikafi na nan a masallacin Juma'ar garinku, daren Lailatul Ƙadari kuma ba a Makka kaɗai yake sauka ba. Kuɗin kujerar da ka fasa, ka duba layinku, akwai marayun da ba a yi musu ɗinkin Salla ba, akwai ɗaliban da aka kora saboda kuɗin wata, akwai ajin da yara ke zaune a ƙasa ba tabarma.

Ka'aba tana nan in Allah ya ba da rai da lafiya, za ka same ta bayan shekara goma. Shi kuwa ɗanka mai shekara biyar, nan da shekara goma ya zama saurayi, ba zai ƙara neman ka riƙe masa hannu zuwa Idi ba. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya shirya mana zuriya, ya karɓi ibadunmu, ya kai wanda bai taɓa zuwa ɗakinsa ba, ya maimaita mana Salla cikin iyalinmu lafiya. Amin summa amin.