Albarushi Ba Ya Son Kintace

A gindin harsasai da dama akwai 'yar hula ta ƙarfe, ita ce ƙyastunsa. Da an dake ta sai ta yi tartsatsi, albarushi ya kama, iskar da ya haifar ta ingiza dalma waje. Alexander Forsyth, mutumin Sikotilan, shi ya yi rajistar tushen wannan dabara a 1807.

Masu sake ɗura harsashin libarba a Amurka sun san sauya hula kaɗai kan ƙara matsin iska cikin bindiga, shi ya sa masu hankalinsu ba sa kauce wa ma'aunin da aka gwada.

Wannan darasi ya shafi maharban Wurno, Rabah da Goronyo. Bindigar toka don baƙin albarushi aka ƙera ta. Garin harsashin zamani kuwa, irin wanda Paul Vieille ya ƙago a Faransa a 1884, matsinsa ya fi ƙarfin bututun maƙera. Duk wanda ya ɗura mata shi, yana iya rasa yatsu ko ido.

Ya kamata malaman kimiyya su bayyana wannan a aji, 'ya'yan maharba kuma su kai saƙon gida.