Kafin Ka Sayi Injin Walda, Ka Fara Tambayar Wutar Garinku

'Yan uwana ɗalibai, musamman na sassan injiniya, akwai maganar da ke yawo a ɗakunan kwana da teburin mai shayi duk lokacin da zangon ƙarshe ya matso: "Ni dai in na gama, shago zan buɗe a gida." Magana ce mai kyau, ta fi zaman jiran takardar ɗaukar aiki da ba a san ranar zuwanta ba. Abin da ke damuna shi ne jerin kayan da ake lissafawa. Yaro ya kalli bidiyon wani Bature a garejinsa yana yanka ƙarfe da injin filazma kamar mai yanka sabulu, shi ke nan ya ƙudurta sai ya sayi irinsa, ko ma ya sayi mai haɗe da aiki uku a akwati ɗaya, tunda an ce da araha.

Ra'ayina a taƙaice: wanda jarinsa kaɗan ne ya sayi injin walda ɗaya mai gaskiya, da giranda, da kayan kare jiki, ya bar filazma tukuna. Zan yi misali da Farfaru ta ƙaramar hukumar Jibiya, a bakin iyakarmu da Nijar, domin duk abin da zai iya karya ƙaramin shago ya taru a irin wannan wuri: ƙarancin wuta, ƙura, zafi, da nisa daga masu gyara.

Mu fara da aikin da zai zo maka. Me mutumin Farfaru ko Magama zai kawo wa mai walda? Ƙofa da taga, ƙarfen kariya na taga, gadon ƙarfe, baro da amalanken da suka karye, garmar shanu in damina ta gabato, kariyar babur da lodi ya tsinka, ƙafar injin ban-ruwa na masu noman rani a gefen madatsar ruwa ta Jibiya. Halin rashin tsaro da yankin ya sha fama da shi ya sa kowa na son ƙofa mai ƙwari. Kusan duk wannan aiki da bututu mai kaurin milimita 1 zuwa 2 ake yinsa, sai ƙarfen kusurwa na milimita 3 zuwa 5. Sandar walda geji 12, wato milimita 2.5, da geji 10, wato milimita 3.2, sun gama maka shi. Ta farko tana son amfiya 70 zuwa 100, ta biyu 90 zuwa 130. Ka ga ke nan inji mai ba da amfiya 160 na gaskiya ya ishe ka har da rara.

Na ce "na gaskiya" da gangan. Je kasuwa ka ga akwatunan da ba su fi jakar makaranta ba an rubuta musu 300, 400, wani ma 500. Mu da muka zauna a aji bai kamata a yi mana wannan wasa ba. Ƙa'idar da masu ƙera injin walda ke bi ita ce, ƙarfin tartsatsin yana daidai da bolt 20 a tara da 0.04 sau yawan amfiya. A amfiya 400 ka samu bolt 36, ka ninka su ka samu wat 14,400. Soket ɗin bangon gidanku kuwa mai amfiya 13 ne a kan bolt 230, abin da zai iya bayarwa bai wuce wat 3,000 ba. Ta ina sauran za su fito? Lambar nan fenti ce kawai. Abin da za ka duba shi ne ɗan allon da ke bayan injin ko ƙarƙashinsa, inda aka rubuta harafin X da kaso cikin ɗari. Wannan ita ce juriyar aiki: kashi 60 na nufin minti 6 na aiki, minti 4 na hutu a cikin kowane minti 10. Ƙa'idar duniya ta ce a auna shi a zafin digiri 40, wanda shi ne zafin Jibiya da rana a watan Afrilu. Injin da ba shi da wannan allo, ko mai shago ya kasa nuna maka, ka yi masa sallama.

Ko allon ma kada ka tsaya a kansa. Ka tafi da sandunanka geji 10 guda huɗu da guntun ƙarfe, ka ce a jona, ka ƙone su ɗaya bayan ɗaya ba hutu. In fitilar zafi ta kama kafin ka gama, ka san abin da ake shirin sayar maka. Ka ari mitar auna amfiya mai baki kamar ƙaguwa ka maƙala wa wayar, ka ga ko abin da allon gaba ke nunawa shi ne ke fita. Ka ɗan kankare bakin wayar: in cikinta fari ne, alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe, zai yi zafi ya cinye maka wuta. Mai shagon da ya ƙi gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Sai babbar maganar, wuta. Kowa ya san yadda muke da KEDCO, kuma ba a manta da watan Oktoba na 2024 ba, lokacin da aka lalata layukan da ke kawo wa Arewa wuta, jihohi suka kwashe kwanaki a duhu. Shagon walda a ƙauyen iyaka a kan janareta zai rayu, ko ka so ko ka ƙi. Tun daga 29 ga Mayu, 2023 da aka janye tallafin fetur kuwa, kowace lita lissafi ce. A amfiya 120 injin inbata na fitar da kusan wat 3,000, yana kuma jan fiye da haka. Ɗan ƙaramin janaretan da ake kunna fitila da cajin waya ba zai ko motsa shi ba. Kana buƙatar mai kVA 5 zuwa 7 wanda ke da na'urar daidaita wuta, domin hawa da saukar wuta shi ne ajalin inbata. Wato janareta na iya fin injin waldar kansa tsada, kuma shi ne abin da masu lissafin nan na teburin mai shayi ke mantawa.

A nan ne dattawan sana'a za su ce, to ai shi ya sa muke riƙe da taransifomar gargajiya wadda ake naɗawa da hannu. Suna da hujja, kada mu raina ta. Ba ta tsoron ƙura, in ta ƙone mai naɗin waya a cikin gari zai sake mata rai, kuma takan yi shekaru tana aiki. Amma tana da nauyin da sai an sa baro, tana shan wuta sosai, kuma da yawa ba su da rufin kirki, wayoyi a waje. Aikin ƙauye rabinsa na fita ne: a kira ka kafa ƙofa a wani gida, ko gyaran garma a gona. Inbata ka rataya a kafaɗa ka hau babur. Don haka na zaɓe ta, da sharaɗi biyu. Na farko, ka nisanta ta daga inda kake gurza ƙarfe, ka riƙa hure mata ƙura, musamman lokacin hunturu, domin garin ƙarfe in ya kwanta a allon cikinta haɗa wuta yake. Na biyu, kafin ka biya ka san sunan wanda ke gyara irinta a Katsina ko Kano, ka kuma tabbatar kayan cikinta na samuwa.

Wannan sharaɗi na biyu ya fi nauyi ga ɗan bakin iyaka. Maraɗi kusa take, wani zai ce ya tsallaka ya sayo. Ka tuna an rufe iyakoki a watan Agusta na 2019, ta Jibiya ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023 aka sake rufewa, sai Maris na 2024 aka buɗe. Injin da kayan gyaransa ke ƙetaren iyaka, ranar da aka sa shinge ya zama kujerar zama. Ga kuma faɗuwar naira a gaban sefa. Ka sayi abin da za ka samu kayansa a Katsina, ko a Ƙofar Ruwa da Sabon Gari a Kano. Sefa ka bari ta zo maka ta hannun abokin ciniki, ta fi daɗi a haka.

Yanzu filazma. Ban ce ba ta da amfani ba, wallahi tana da shi. Tartsatsin wuta ne ake busawa da matsattsiyar iska ta ɗan ƙaramin rami, ya narka ƙarfe ya ture shi. Tana yanka lanƙwasa da zane a farantin ƙarfe, abin da giranda ba za ta iya ba, kuma manyan ƙofofi masu ado da ake yayi a birni da ita ake fitar da furanninsu. Amma ba ita kaɗai ake saya ba. Sai da kwamfuresa mai riƙe iska a ma'aunin ba 4 zuwa 5 ba yankewa, sai da matatar da ke tsane ruwa daga iskar, in ba haka ba laimar damina ta cinye bakin tocin. Bakin nan da ƙwayar cikinsa ƙarewa suke, saye ne ba ƙarshe. Ƙananan irin su CUT-40 na jan wutar da ta kai ta injin walda ko ta fi, ga kwamfuresa na tashi a lokaci guda, janaretanka ya durƙusa. Duk wannan don me? Don yanka bututun da faifan giranda ke rabawa cikin daƙiƙu? Kuɗin da za su kwanta a filazma su ne kuɗin ƙarfen aikinka na farko. Shagon da ke da inji uku babu ko bututu ɗaya a jingine, wa zai ba shi aiki?

Mai haɗe da aiki uku kuwa ya fi muni ga mai farawa. Allo ɗaya ne ke ɗauke da komai, ranar da ya ƙone ba walda, ba yanka, ba abinci. Araha ba ta ado.

In har aikin ado ya fara zuwa, ga hanya: ku haɗu ku huɗu ko biyar 'yan aji ɗaya, ku yi adashe ku sayi filazma ɗaya da kwamfuresa, ku ajiye a shagon da ya fi wuta, kowa ya kawo farantinsa ya biya kuɗin baki da na mai. Ina kira ga ƙungiyar ɗalibai ta nemi hukumar makaranta ta ware rana a ɗakin koyon aiki inda ɗalibi zai kawo injin da yake shirin saya a gwada masa, ta kuma gayyato tsofaffin ɗalibai masu shago su faɗa mana gaskiyar lissafi. Masu fita SIWES su ma su buɗe ido, su ƙirga sau nawa ogansu ke kunna kowane inji a mako.

Abu ɗaya ne ban yarda a yi masa rowa ba, kayan kare jiki. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya tare hasken walda, shi ya sa ake kwana ana hawaye kamar an zuba yashi a ido. Ka sayi hular walda mai gilashi lamba 10 ko 11, safar hannu ta fata, da takalmi rufaffe. Kada ka cire wa giranda murfinta. Bututu mai farin shafi na zinki ka yi waldarsa a fili, hayaƙinsa na sa zazzaɓi. Sannan a gari irin na iyaka, inda duro da tankin mai suke ko'ina, za a kawo maka wanda "ai babu komai a ciki" a ce ka yanka. Tururin da ya rage shi ne ke fashewa. Ka ƙi, ko nawa za a biya.

Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021 ta Jibiya zai bi, kuma inda tasha ta zauna shaguna da rumfuna da gidaje kan biyo baya. Aikin ƙarfe zai ƙaru. Wanda zai ci moriyarsa shi ne wanda shagonsa ke buɗe har zuwa lokacin, bai rufe ba saboda bashin injin da bai taɓa mayar da kuɗinsa ba. Ka auna wutarka, ka auna aikin garinku, sannan ka shiga kasuwa. Daidai ruwa, daidai tsaki. Allah ya sa albarka a abin da za mu fara.