Amana Ita Ce Jarin Baƙo A Kurmi

Sanin kowa ne cewa Hausawan da suka kafa unguwar Sabo ta Badun a shekarar 1916 ba su zo da dukiya mai yawa ba. Babban jarinsu shi ne amana. Falke ya kan kawo shanu daga Arewa ya sauka wajen maigida. Maigida ya ba shi masauki da abinci, dillalansa su sayar wa mahauta Yarabawa shanun bashi, shi kuwa ya tsaya lamuni har kuɗi su fito. Babu takarda, babu sa hannu. Wanda ya ci amana sau ɗaya, labarinsa zai riga shi isa Kano, kasuwa kuma ta rufe masa ƙofa. A kan wannan tsari cinikin goro ya ginu a Shagamu da Agege, daga ribarsa aka tayar da masallatai da makarantun allo.

Abin takaici shi ne wannan igiya ta fara tsinkewa. Samari suna sauka Ikko cikin manyan motoci ba su da maigida, ba wanda ya san sunan ubansu balle garinsu. Lokacin da gwamnatin jihar ta hana acaba a ƙananan hukumomi 6 a watan Yuni na 2022, da yawansu sun rasa abin yi, suka kuma rasa mai tsaya masu. Rikicin Shagamu na 1999 da ƙone kasuwar Shasha a Badun a 2021 sun nuna cewa ranar tashin hankali, baƙon da ba a san shi ba shi ya fi kowa shiga uku.

Wasu za su ce zamani ya sauya, banki da wayar hannu sun maye gurbin maigida. Banki yana ajiye kuɗi, amma ba ya zuwa ofishin 'yan sanda ya yi belin yaro, ba ya kuma yi wa gawar baƙo sutura.

Saboda haka wajibi ne Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni su buɗe littafin sunayen duk mai sauka, su haɗa kowane sabon zuwa da dattijon da zai lamunce shi, su kuma ware wani abu daga kuɗin la'ada domin marasa lafiya da karatun yara. Haka nan su riƙa halartar biki da makokin maƙwabtansu 'yan ƙasa tun ana zaman lafiya, domin zumunta a ƙafa take.