Ƙaryar da na yi wa Likita Chekhov

Yau da neman afuwa zan fara.

A makon jiya na kawo muku labarin Varka, 'yar raino mai shekara 13, wanda marubucin Rasha Anton Chekhov ya wallafa a 1888. Waɗanda ba su karanta ba, ga shi a taƙaice. Yarinyar tana aiki ne a gidan wani mai ɗinkin takalma. Da rana wanke-wanke, share-share da aike, da dare kuma jijjiga jariri mai kuka. In gyangyaɗi ya ɗauke ta, duka ne. Ranar da rashin barci ya juya mata kai, sai ta ga jaririn nan shi ne maƙiyinta. Ta shaƙe shi, ta kwanta a ƙasa ta yi barci.

To, don in sa wa rubutun gishiri, sai na ce Chekhov ya ga irin yarinyar nan ne a gidan wani majinyacinsa, tana gyangyaɗi a bakin murhu. Wata malamar makaranta daga Babura ta tambaye ni a wane littafi na samo wannan. Malama, babu littafin. Ni na ƙaga shi da ƙarfe ukun dare ina bakin aiki, kuma da na karanta sai ya yi mini kama da gaskiya, na bar shi.

Abin da yake tabbas shi ne Chekhov likita ne. An haife shi a garin Taganrog a 1860, ya gama karatun likita a Jami'ar Mosko a 1884, ya yi ta duba talakawa, da yawansu kyauta. Tarin fuka ya kashe shi a 1904, yana da shekara 44, a wani otal a garin Badenweiler na Jamus.

Labarin mutuwar tasa ma ya sha irin gishirin da na zuba. Matarsa Olga Knipper tana wurin, kuma ita ta ba da labarin: an kira likita cikin dare, likitan ya sa aka kawo giyar shamfen, Chekhov ya sha, ya kwanta ta gefe, rai ya yi halinsa. A 1987 wani marubucin Amurka, Raymond Carver, ya mayar da daren gajeren labari, ya ƙara abubuwa daga kansa, har da wani saurayi ma'aikacin otal da ya ba muhimmiyar rawa. Bai yi laifi ba, domin bai ce tarihi yake rubutawa ba. Amma da 'yar jarida Janet Malcolm ta jera bayanan mutuwar ɗaya bayan ɗaya a littafinta na 2001, sai ta nuna cewa wasu ƙage-ƙagen Carver sun tsallaka cikin wani littafin tarihin rayuwar Chekhov, sun zauna daram kamar an gani da ido. Ita kanta Malcolm gwama abubuwa ta yi: tafiyarta zuwa Rasha, nazarin labaran, da ra'ayinta. Sai dai mai karatu ba ya ɓata, ya san inda kowanne ya tsaya.

Ni ce ya kamata in fi kowa sanin wannan. A asibiti, abin da na auna shi nake rubutawa a katin majinyaci. In zafin jiki 39 ne, 39 zan sa, ko da zuciyata na ce mini yaron ya fi haka jigata. Idan na fito wajen uwa kuma, ba lamba zan karanta mata ba, sai in yi mata bayani da misalin da za ta gane. Duka biyun aikina ne. Amma ranar da misalin ya shiga kati, nas ɗin safe za ta ba da magani a kan abin da bai faru ba.

Ban daina son haɗa nazari da ba da labari ba. Da na zubo muku shekaru da sunaye zalla, da babu wadda za ta kai layi na biyar, ga girki a wuta ga yaro na jan zani. Daga yau dai, duk inda na ƙara nawa zan ce "a zatona".

Yarinyar da na ce Chekhov ya gani kuwa, ni na gan ta, a nan Kazaure. Daga wani ƙauye wajen Roni aka kawo ta aikatau. Uwar ɗakinta na kwance ana mata ƙarin ruwa, ita kuma tana kan benci da goyon ɗan wata bakwai, kanta na faɗuwa tana zabura. Na tambaye ta yaushe rabonta da barci. Ta ce, "Anti, ai shi ba ya yarda da kowa sai ni."

Na karɓi yaron na goya shi har kiran assalatu. Ba ta ko gyara kwanciya ba.